Adana abinci da hasken nukiliya: taƙaddamar da abin da take nufi ga Zamfara

A kowace kaka, da zarar an gama roron wake a gonakin Tsafe da Bungudu da ƙauyukan da ke kewaye da Gusau, manomi da ɗan kasuwa sukan fuskanci matsala guda: yadda waken zai kai bazara, lokacin da farashi ke tashi, ba tare da ƙwaro ya mayar da shi gari ba.

Ɓarnar takan fara ne tun daga gona. Macen ƙwaron takan saka ƙwai a jikin wake, tsutsar ta huda ƙwayar ta shige, kuma cikin mako uku zuwa huɗu na yanayin zafi sai ta fito a matsayin sabon ƙwaro mai saka nasa ƙwan. Buhun da ba a yi masa komai ba yana iya zama duk huji cikin 'yan watanni.

Maganin da ya fi sauƙin samu a kasuwa shi ne na kashe ƙwari, kama daga ƙwayar Phostoxin zuwa fiya-fiya da sauran ruwan maganin da ke ɗauke da sinadarin daikulobos. An sha ganin sakamakon yin amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar 2008 ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar sakandaren 'yan mata a jihar Gombe sun kwanta a asibiti bayan cin waken da aka adana da magani. A watan Yunin 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan da aka riƙa samun daikulobos a cikinsa ninkin ba ninkin abin da dokarta ta amince, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. An tsawaita haramcin a 2016, aka sake tsawaita shi a 2019. Bai bambanta manomin da ya zuba magani da wanda bai zuba ba, domin wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai wata hanya da masana kimiyya suka shafe fiye da shekara 60 suna gabatarwa a matsayin mafita, wato haska abinci da hasken da ke fitowa daga sinadaran nukiliya, ko daga wasu injuna na musamman. Hanya ce da manyan hukumomin lafiya na duniya suka amince da ita, Nijeriya ma tana da doka a kanta da kuma cibiyar yinta, amma har yanzu ba a daina jayayya a kanta ba.

Yadda ake yin aikin

A labaran rediyo an saba jin kalmar tururin nukiliya, sai dai abin da ake magana a kai ba tururi ba ne. Ya fi kama da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa jiki ya wuce.

Iri uku ake amfani da su. Akwai hasken gamma, wanda ke fitowa daga ƙarfen kobalt-60, ko kuma siziyom-137 a wurare ƙalilan. Akwai hasken eksire mai ƙarfi. Sai kuma kwararar ƙwayoyin ilaktaron, waɗanda inji ke harbowa. Na biyu da na uku da wutar lantarki suke aiki, ana kashe injin hasken ya ɗauke. Kobalt kuwa ba shi da makunni, dare da rana yana fitar da haske.

Saboda haka ake gina masa ɗaki mai katangar kankare da kaurinta ya kai kusan mita biyu, da rijiya mai zurfi cike da ruwa a tsakiya. Idan ma'aikata za su shiga, sai a nutsar da sandunan kobalt ɗin cikin ruwan, wanda ke tare hasken. Idan za a fara aiki, sai a ɗago su, kayan abinci kuma su riƙa zagaye su a cikin kwalaye ko buhunansu bisa abin jigila mai tafiya da kansa. Abincin ba ya taɓa ƙarfen.

Abin da hasken ke yi shi ne kakkarya DNA, wato kundin halittar da ke cikin ƙwayoyin jikin duk wani abu mai rai. Ƙwaron da hakan ta same shi yakan mutu ko ya daina haihuwa, ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, bakteriya ba ta hayayyafa, albasa da doya da dankalin turawa kuma ba sa tsiro a ma'ajiya.

Ana auna yawan hasken da abu ya sha da ma'aunin gire, kuma gire 1,000 shi ne kilogire 1. Hana albasa tsiro ba ya buƙatar fiye da kilogire 0.15. Ƙwarin hatsi da na wake sukan buƙaci daga 0.2 zuwa 1. Kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela a naman kaji yana ɗaukar kilogire 3 zuwa 7, kayan yaji kuma sukan kai 10.

Waɗannan alƙaluma ba ƙanana ba ne. Gire 5 kacal, idan ya ratsa ilahirin jikin mutum a lokaci guda, yana iya halaka shi cikin makonni, ke nan abin da ake bai wa buhun wake ya ninka haka sau 100. Amma duk da wannan ƙarfi, kilogire 10 ba ya ƙara wa abinci zafin da ya wuce 'yan digiri kaɗan a ma'aunin salshiyos. Shi ya sa ɗanyen nama ke fitowa ɗanye, daskararre kuma ya fito a daskare.

Daga Stuttgart zuwa Odessa

Tunanin ya girmi bam ɗin nukiliya. An gano hasken eksire a 1895, kuma a 1905 an riga an yi rajistar dabarar kashe ƙwayoyin cuta a abinci da irin wannan haske a Ingila da Amurka. Abin da ya hana ta yaɗuwa a lokacin shi ne tsada. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da tashoshin nukiliya suka fara samar da kobalt-60 da yawa, sannan aka dawo kanta, musamman bayan jawabin shugaban Amurka Dwight Eisenhower a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1953 kan amfani da makamashin nukiliya ta hanyar lumana.

Wani kamfanin kayan yaji a birnin Stuttgart na Jamus ne ya fara yin aikin don kasuwanci a 1957, amma cikin shekara biyu doka ta hana shi. Tarayyar Sobiyet ta amince da haska dankali a 1958, Kanada ta bi sahu a 1960, Amurka kuma ta fara da alkama da fulawa a 1963. A shekarun 1980 tashar jiragen ruwa ta Odessa tana haska dubban ɗaruruwan tan na hatsin da ake shigo da shi kowace shekara domin kashe ƙwari.

Babban matakin ya zo a 1980, lokacin da kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya, da Hukumar Abinci da Aikin Gona, da Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yanke cewa haska kowane irin abinci har zuwa kilogire 10 ba ya haifar da guba. A kan wannan ne hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin cinikin abinci tsakanin ƙasashe, ta fitar da ƙa'idarta a 1983, ta kuma sabunta ta a 2003. Ƙasashe kusan 60 ne suka halatta haska wani nau'i na abinci, cikinsu har da Masar da Indonesiya da Malesiya da Pakistan da Afirka ta Kudu da Ghana. Sin ce ke kan gaba wajen yawan abin da ake haskawa.

Hujjojin masu adawa

Fargabar da ta fi yaɗuwa ita ce abincin zai koma yana fitar da hasken nukiliya da kansa. Wannan ita ce hujja mafi rauni. Ƙarfin hasken kobalt-60 bai kai ya sauya cibiyar ƙwayar zarra ba, injunan kuma an ƙayyade musu iyakar ƙarfin da ba za su wuce ba saboda wannan dalili. Wanda aka yi wa hoton ƙirji ba ya fita daga asibiti yana haska jama'a. Abin da ya gurɓata madara da ganyaye a Turai bayan hatsarin Chernobyl a 1986 ƙurar sinadaran ce da ta sauka a kansu, wani abu ne dabam. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma kalmar nukiliya ta riga ta yi wannan sara a zukatan jama'a.

Masu adawa na gaske, irin su ƙungiyar kare masu sayayya ta Public Citizen a Amurka, ba a nan suka kafa hujjarsu ba. Tambayarsu ita ce: hasken da ke da ƙarfin kakkarya halittar ƙwaro, me yake yi wa sinadaran abincin kansa?

Tambayar tana da tushe. Haskawa tana haifar da sababbin sinadarai ƙalilan a cikin abinci. Akasarinsu irin waɗanda dafuwa da suya da gashi ke haifarwa ne. Amma akwai wani rukuni da ake kira 2-ACB, wanda ke samuwa idan haske ya ratsa kitse ko mai, har ma da shi ɗakunan gwaje-gwaje ke gane ko an haska nama ko ba a haska ba. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Karlsruhe ta Jamus suka ba da rahoton cewa tsantsar wannan sinadari ta yi wa DNA lahani a gwajin da suka yi kan ƙwayoyin hanji. A 2002 wani binciken haɗin gwiwa na Faransa da Jamus ya nuna cewa ɓerayen da aka riga aka ba su sinadari mai haddasa sankara sun fi samun ƙari a hanji idan aka haɗa musu da 2-ACB. Masu goyon baya suka amsa cewa adadin da aka ɗura wa ɓerayen ya zarce nesa ba kusa ba abin da mutum zai samu a kwanon abincinsa. Suka kuma yi nuni da babban gwajin da rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyinsa daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980, inda aka ciyar da dabbobi fiye da tan 100 na naman kaji, ba a kuma sami shaidar cutarwa daga haskawa ba.

Binciken da aka fi ambata a ƙasashe masu tasowa shi ne na Cibiyar Nazarin Abinci Mai Gina Jiki da ke Hyderabad a Indiya, wanda aka wallafa a 1975. An ciyar da yara masu tamowa da alkamar da aka haska ba da jimawa ba, aka kuma ce an ga ƙwayoyin jini masu ninkin kundin halitta a jikinsu. Yara biyar ne kawai a kowane rukuni. Kwamitin ƙwararru da gwamnatin Indiya ta kafa ya sake duba alƙaluman ya ce ba su tabbatar da abin da aka ɗora musu ba, gwaje-gwajen da aka yi a Sin a shekarun 1980 kan ɗaruruwan mutane masu lafiya ma ba su ga wannan illa ba. Indiya da kanta daga baya ta gina cibiyar haska albasa a Lasalgaon a 2002, kuma da mangwaron da aka haska a can ta sake shiga kasuwar Amurka a 2007.

Lamarin da ya fi wahalar kawarwa shi ne na kyanwoyin Ostareliya. A 2008 kyanwoyi da dama a ƙasar suka kamu da shanyewar ƙafafu, wasu suka mutu, bayan cin wani busasshen abinci da aka shigo da shi aka haska da kilogire 50 ko fiye a bakin iyaka. Karnukan da suka ci irinsa ba su kamu ba. Gwamnati ta hana haska abincin kyanwa a 2009. Lokacin da hukumar tabbatar da ingancin abinci ta Turai ta sake nazarin batun baki ɗaya a 2011, ta ce ba ta ga wani hatsari na kai tsaye ga ɗan Adam ba, amma ta ware batun kyanwoyin a matsayin abin da ke buƙatar ƙarin bincike. Ya kamata a lura cewa kilogire 50 ya ninka abin da wake ke buƙata sau 100.

Akwai kuma asarar sinadaran gina jiki. Bitamin B1 da A da E da C sukan ragu, gwargwadon yawan hasken. A matakin da ake kashe ƙwarin hatsi ragin ba ya da yawa, bai kai wanda doguwar dafuwa ke jawowa ba. Wasu abincin kuma haskawa ba ta karɓe su ba sam: madara takan canza ɗanɗano, abinci mai maiƙo yakan yi saurin ɗoyi.

Idan aka tattara, nauyin shaidar ya karkata ga cewa cin abincin da aka haska bisa ƙa'ida ba ya cutarwa. Duk da haka ƙasashe ba su yi tafiya ɗaya ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 busassun ganyayen ƙamshi da kayan yaji kawai ta amince a haska a duk faɗin tarayyar, ta bar wa wasu ƙasashe izinin da suke da shi tun da farko, shi ya sa cinyoyin kwaɗi ne kaso mafi girma na ɗan abin da ake haskawa a can. Japan dankalin turawa kaɗai ta halatta, a 1972. Amurka kuwa ta buɗe ƙofa ga jan nama a 1997, shekara huɗu bayan da gurɓataccen niƙaƙƙen nama ya kwantar da ɗaruruwan mutane ya kuma kashe yara huɗu.

Hatsarin da ba a jayayya a kansa

Inda haskawa ta tabbata ta kashe mutane shi ne a cikin ɗakin aikin. A San Salvador a 1989, da Soreq ta Isra'ila a 1990, da Nesvizh ta Belarus a 1991, ma'aikata sun shiga ɗakin domin gyara kayan da suka maƙale alhali kobalt ɗin yana sama, bayan an tsallake na'urorin tsaro ko sun lalace. A kowane ɗaya daga cikin wuraren uku an rasa rai.

Sai kuma batun abin da zai faru idan sinadarin ya fita daga hannun masu kula da shi. A birnin Goiania na Brazil a 1987 masu tsintar ƙarafa sun fasa wata na'urar gashin sankara da aka yasar a tsohon asibiti, garin siziyom ya bazu a unguwa, mutum huɗu suka mutu, aka kuma auna fiye da mutum 100,000. A Nijeriya ma an sace wasu na'urori masu ɗauke da sinadarin nukiliya na aikin haƙar mai a yankin Neja Delta a ƙarshen 2002, sai daga baya aka gano su cikin tarin ƙarafa a Jamus. Duk mai tunanin kafa irin wannan cibiya a jihar da 'yan bindiga ke tare manyan hanyoyi, ciki har da ta Gusau zuwa Funtuwa wadda ta ratsa Tsafe, dole ya fara da wannan lissafi.

Abin da haske ba ya iya cirewa

A nan ne muhawarar Turai da Amurka ta rabu da buƙatar Zamfara. Haskawa abu mai rai take kashewa. Guba kuwa ba ta da ran da za a kashe.

Waken da aka riga aka yayyafa wa fiya-fiya, ko an haska shi, maganin yana nan. Haka ma aflatoksin, gubar da funfuna ke bari a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, wadda ke haddasa sankarar hanta, musamman ga masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ita ce ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Haske yana iya kashe funfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana jure masa. Ƙwayoyin bairos ma ba su cika mutuwa ba a matakin da ake haska abinci.

Babbar annobar guba da Zamfara ta gani a wannan ƙarni ita ce ta dalma, wadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano a 2010 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka mutu. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, a wasu wuraren da turame da injunan da ake niƙa hatsi, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci. Babu adadin kilogiren da zai cire dalma daga gari.

Wannan ne ya ba wa wata hujja ta masu adawa ƙarfi, wato tsoron kada haskawa ta zama hanyar ɓoye aibi. Naman da ya fara lalacewa, idan aka kashe bakteriyar da ke sa shi wari, yana iya wucewa a matsayin lafiyayye. Ƙa'idar Codex ta hana hakan ƙarara, ta ce haskawa ba ta maye gurbin tsabta. Ta kuma wajabta rubuta wa mai saye cewa an haska kayan, galibi tare da wata koriyar alama mai siffar tsiro a cikin da'ira, da ake kira Radura. Ga masu saye da sayarwa a ƙasar Hausa, inda algus da ɓoye aibin haja abin ƙi ne a addini da al'ada, wannan sharaɗi ba baƙo ba ne. Matsalar ita ce a babbar kasuwar Gusau da tiya da mudu ake auna wake daga buɗaɗɗen buhu. Alamar tana jikin buhun, ba ta bin awo zuwa gida.

Akwai kuma abin da ya shafi manomi kai tsaye. Ƙwayar da aka haska ta rasa ƙarfin tsiro, ko ta fito a naƙase. A yankin da mutane da yawa ke ɗibar iri daga abin da suka ajiye, ko su saya a kasuwa idan damina ta kama, hatsin da aka haska ba tare da alama ba yana iya jawo wa mutum asarar shuka guda.

Cibiyar Sheda

Nijeriya tana da cibiyar haskawa da gamma a Sheda, cikin yankin Kwali na babban birnin tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. An ƙaddamar da ita a 2006, shekarar da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasa, wadda dokarta ke nan tun 1976. An yi gwaje-gwaje da dama a can kan doya da wake da sauran kayan gona. Hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'idojin haska abinci a 2005 ta sabunta su a 2021, yayin da hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ke ba da lasisin mallakar sinadaran da jigilarsu. Ƙaramar na'urar nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004 ta bincike ce da koyarwa, ba a haska abinci da ita.

Tsakanin Gusau da Sheda akwai fiye da kilomita 400. Ɗan kasuwar da ya tara wake a Bungudu zai biya mota zuwa, ya biya kuɗin aiki, ya biya mota dawowa ko wucewa kudu.

Shi kansa kobalt-60 ba ya jira. Rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin shekara 5.27, kimanin kashi 12 cikin 100 ke nan a kowace shekara, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Bayan shekara 16 kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage. Ƙasashe ƙalilan ne ke samar da shi, irin su Kanada da Rasha da Sin da Indiya da Ajantina, kuma da kuɗin waje ake sayensa. Cibiyar da ba ta samun kaya dare da rana asara take tafkawa tana zaune. Injin ilaktaron ba shi da wannan matsala, amma yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, kuma haskensa 'yan santimita kawai yake ratsawa, ba zai huda buhu mai kilo 100 ba sai an zazzage hatsin ya kwarara a shimfiɗe.

Buhu mai hawa uku

Kyawun haskawa shi ne ba ta barin komai a jikin abinci. Wannan kuma shi ne rauninta a rumbu. Waken da aka haska yau, in aka jingine shi gobe kusa da buhu mai ƙwaro, sabon ƙwaro zai shige shi ba abin da zai hana. Dole ne a rufe shi a cikin abin da ƙwaro ba ya ratsawa.

To amma abin da iska ba ta shiga shi kaɗai ma yana kashe ƙwaron. Manoma sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake cika ganga ko jarka da wake a toshe bakinta, baya ga tsofaffin dabaru na cakuɗa shi da toka ko yashi ko barkono. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Larry Murdock, tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, suka mayar da wannan hikima buhu tun daga ƙarshen shekarun 1980: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi dabam. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun, wanda aka sani da PICS, a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, ana kuma ƙera shi a Kano. Ba ya buƙatar lantarki ko lasisi, ana iya sake amfani da shi muddin bai huje ba, kuma waken da aka bushe da kyau kafin a zuba yana iya zama iri. Abokan gabansa su ne ɓera da danshi da garajen buɗewa.

Ga funfuna kuwa, Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni kafin fure domin funfuna marar guba ta riga mai guba kama wuri.

Wannan bai rufe wa haskawa ƙofa ba, sai dai ya nuna inda ta fi dacewa. Buhu ba ya hana albasa tsiro, kuma albasar fadamun Sakkwato da Kebbi da Zamfara tana lalacewa da yawa a ma'ajiya, ko da yake sai an haska ta cikin 'yan makonni da cirewa kafin ta farka, kuma hasken ba ya hana ruɓar da danshi ke kawowa. Buhu ba ya kashe salmonela a barkono da citta da sauran kayan yajin da aka shanya a ƙasa, kuma waɗannan ne kayan da Tarayyar Turai ke karɓa ko da an haska su, bisa sharaɗin cewa an yi aikin a cibiyar da tarayyar ta duba ta kuma saka cikin jerin waɗanda ta amince da su. Kaya ne marasa nauyi masu tsada, waɗanda kuɗin mota daga Gusau zuwa Sheda ba zai cinye ribarsu ba, kuma a ƙunshe suke tafiya, ta yadda alamar za ta isa hannun wanda zai ci.